"Yi" Ɗaya a Hausa, Biyu a Turanci: Tsakanin "Do" da "Make"

Duk malamin Turancin da ya taɓa zama gaban tulin takardun jarrabawa a Kano ko Sakkwato ko Zariya ya san wannan jimla: "I did a mistake." Zai ja jan biro ƙarƙashin "did", ya rubuta "made" a samanta, ya ɗauko takarda ta gaba, sai ga wani ya rubuta "I made my homework." Nan kuma dole ya soke "made" ya mayar da "did". In kan ɗalibi ya ɗaure, yana da gaskiya. A Hausa "na yi kuskure" ake cewa, kuma "na yi aikin da malam ya bayar" ake cewa. Aikatau ɗaya ne, "yi", ya ɗauki nauyin biyun bai gaji ba. Amsar da aka saba ba irin wannan ɗalibi ita ce wai babu doka, haka Turawa suke faɗa, a je a haddace. Ban yarda da wannan amsa ba. Akwai tsari a tsakanin "do" da "make", tsarin da mai jin Hausa zai iya kamawa cikin sauƙi, kuma wuraren da ake cewa tsarin ya karye, in aka duba su da kyau, yawancinsu ƙara tabbatar da shi suke yi.

Mu shiga shagon tela. Wata mata ta kawo atamfa, ya ɗauki awo, ya shimfiɗa yadin a kan tebur, ya zana da alli, ya sa almakashi, ya hau keke. Da yamma ga riga a rataye. Da safe babu ita a duniya, yadi kawai ake da shi. Wannan shi ne "make": "The tailor made a dress." Amma da ya miƙa wa yaron shago rigar ya ce a sa maɓallai a yi guga, Bature zai ce yaron "did the buttons", kuma "did the ironing". Yaron ya yi gumi, watakila ma ya fi maigidansa daɗewa a tsaye, sai dai bai samar da komai sabo ba. Aiki ne yake jiransa, ya sauke. Haka abin yake a madafi. Uwargida "makes tea", "makes soup", domin kafin ta ɗora tukunya babu shayi babu miya. In an gama ci kuwa, 'yarta "does the dishes", wato ta yi wanke-wanke, domin kwanukan suna nan tun da, kuma gobe ma za su sake jiran mai wanke su. Idon "make" yana kan abin da ya fito bayan an gama. Idon "do" yana kan aikin kansa da kuma wanda ya sha wahalarsa. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: bayan an gama, akwai abin da za a nuna a ce ga shi, da babu shi, yanzu akwai?

Hujja mafi ƙarfi ita ce inda suna ɗaya yake karɓar aikatau biyun, ma'ana kuma ta sauya gaba ɗaya. "Make time" shi ne mutum ya matse ayyukansa ya samar da lokacin da da ba shi da shi, don ya je gaida mara lafiya ko ya zauna da iyalinsa. "Do time" kuwa zaman gidan yari ne: alƙali ya riga ya yanke shekarun, na fursuna ya cinye su. "Make room" a mota shi ne a gyara zama a samar wa wani wuri, "do the room" kuwa a share ɗaki a kakkaɓe shi. Wanda ya tsara wasan cike gurbin kalmomi na jarida "made the crossword", mai karatun da ya zauna da fensir yana cikewa "did the crossword". Ko a wajen tambayar sana'a ma abin a fili yake. In Bature ya ce "What do you do?" yana son sanin aikinka ne. In ya ce "What do you make?" to ko dai yana tambayar abin da masana'antarka take ƙerawa, ko kuma, musamman a Amurka, nawa kake samu. Da zaɓin kara-zube ne, da ba za a sami waɗannan tagwaye suna rabuwa ta fuska ɗaya kowane lokaci ba.

Abin da ke rikita ɗalibi shi ne Turanci ba ya tsayar da "abin da aka samar" a kan abin da ake taɓawa da hannu. Magana ma abu ce da ake samarwa, shi ya sa kusan duk abin da ke fita daga baki "make" ne ke ɗaukarsa: "make a promise", "make a speech", "make a complaint", "make a suggestion", "make an excuse", "make a noise". Alkawarin da ka ɗauka yau jiya babu shi, kuma daga yau yana nan a wuyanka. Kuskure ma haka. Ba wanda ya ajiye maka shi ya ce ka je ka sauke, kai ka haife shi, kuma yana nan kwance a takarda ana iya sa masa yatsa. "Make money", "make friends", "make peace", "make trouble", duk hanya ɗaya suka bi. Ɗan kasuwa "does business" tun safe har dare, wannan hada-hadar ce, amma ranar da aka yi sallama ciniki ya faɗa sai a ce "he made a deal", in kuma Allah ya sa albarka "he made a profit". Daga nan ne "make" ya miƙa hannu zuwa wani aiki da Hausa take ba aikatau "sa". "The smoke made her cough" shi ne hayaƙi ya sa ta tari. "They made him chief" shi ne sun naɗa shi sarki, sun mayar da shi abin da da ba shi ne ba. A nan mai jin Hausa yana da sauƙi ƙwarai: duk inda Hausarsa ta ce "sa" ko "mayar da" a irin wannan jimla, "do" ba shi da wuri ko kaɗan.

Sai dai kada a ɗauka biyun kishiyoyi ne masu girma ɗaya. "Do" uwa ce, "make" ɗa ne a ɗakinta. In aka tambayi mace "What are you doing?" tana iya cewa "I am making tea", amsar ta zauna daram. Amma in aka tambaye ta "What are you making?" ba za ta ce "I am sweeping" ba. Duk samarwa aiki ne, ba duk aiki ne samarwa ba. Saboda haka idan ba a san ko wane aiki ne ba, ko ba a son a ambace shi, "do" ake kira: "do something", "do nothing", "do anything". Yana ma tsayawa a madadin kowane aikatau don gudun maimaici, kamar yadda "yi" yake yi a Hausa. In aka ce "Who swept the room?" amsa ita ce "I did", daidai da "wa ya share ɗakin?", "ni na yi". Akwai wata dacewa da ke ba ni sha'awa a nan. In mai sayen takalmi ya gwada ya ji ya zauna masa, sai ya ce "ya yi". In ana zuba wa Bature shayi ya ga ya isa, sai ya ce "that will do". Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba, kowane ya ɗauki aikatau mafi faɗi da yake da shi ya ba shi ma'anar isa da dacewa.

Asalin kalmomin yana goyon bayan wannan rabo. "Make" ya fito ne daga "macian" na tsohon Turanci, ɗan'uwan "machen" na Jamusanci da "maken" na harshen Holan, kuma masana da yawa suna danganta su da wani tsohon tushe mai ma'anar kwaɓawa da mulmulawa, irin yadda magini yake kwaɓa ƙasa ya fitar da tubali. Abin lura shi ne a Turancin da ake yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, "macian" ba kalma ce mai yawan fitowa ba. Wadda ta fi ɗaukar ma'anar ƙira a lokacin ita ce "wyrcan", kakar "work" ta yau, wadda ta bar sawunta a ƙarshen kalmomi irin su "shipwright", maƙerin jirgin ruwa, da "playwright", marubucin wasan kwaikwayo. Daga baya ne "make" ya bunƙasa ya ture ta. "Do" kuwa daga "dōn" yake, ɗan'uwan "tun" na Jamusanci, kuma tushensa na can da yana nufin ajiyewa ko ɗorawa. Wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba, ta ɓuya ne a cikin wasu kalmomi biyu: "don", wato sa tufafi, dunƙulewar "do on" ce, "doff" kuma, wato cire hula, dunƙulewar "do off".

Da wannan za a amsa suka ta farko, wadda ita ce mafi nauyi. Mai suka zai ce: in "make" ne ke ɗaukar sakamako, me ya sa ake cewa "do damage" da "do harm"? Ai ɓarna sakamako ce ƙiri-ƙiri. Ambaliya ta wuce, ga katanga a ƙasa, kowa na gani. Gaskiya ne. Amma a dubi 'yan ɗakinsu: "do harm", "do damage", "do good", "do a favour", "do justice", "do wrong". Dukkansu abu ne da ake yi wa wani. Kusan kullum akwai wanda abin ya sauka a kansa, kuma Turanci yana iya saka shi a tsakiya: "do him a favour", "do you no harm". Tsohuwar ma'anar nan ta ɗorawa ce take aiki, ana ɗora wa mutum alheri ko cuta. Hausa tana da alamar wannan a sarari, wato "yi wa": ya yi masa illa, ta yi mini alheri, an yi musu adalci. Duk inda Hausa ta ce "yi wa wani" alheri ko sharri, to a Turanci ma galibi "do" ne. Ita kuma ɓarna, in aka yi tunani, rage abin da ke akwai ce, ba ƙarin sabo ba. Sai a kwatanta da "make trouble", wato ta da fitina inda da ake zaune lafiya. Haka ma "make the bed" da ake yawan kafa hujja da shi, wai ai gadon kafinta ne ya yi shi, mai gyarawa bai ƙera komai ba. Matsalar daga fassara take. "Bed" a Turanci ba katako ko ƙarfe kaɗai ba ne, har da makwancin da aka tanada. Bahaushen da ya ce "a yi wa baƙo shimfiɗa" ya riga ya gane zancen: tabarma tana nan, bargo yana nan, matashi yana nan, amma shimfiɗa ba ta samu ba sai da aka haɗa su.

Ba zan ce tsarin ya share komai ba. Akwai ragowa. "Make an effort" da "do your best" kusan abu ɗaya ne, yin ƙoƙari, kuma duk wayon da za a yi wajen raba su zai zama tilasta wa hujja. A maganar yau da kullum ana jin "do a drawing" ko "do a translation" alhali zane da fassara sakamako ne da ake riƙewa a hannu, ko da yake a nan ma mai magana yana kallonsu ne a matsayin aikin da aka ba shi ya gama. Wani lokaci kuma aikatau na uku ne yake shigowa ya ƙwace wurin: hoto "take" ake yi masa, jarrabawa a Ingila "sit" ko "take", shawara kuma a Ingila ana jin "take a decision" tare da "make a decision", alhali a Amurka na biyun ne ya mamaye. Masu cewa a haddace za su ce to ga shi nan, an dawo inda aka fito. Ba a dawo ba. Akwai bambanci mai nisa tsakanin ɗalibin da aka ba jerin jimloli ɗari ya haddace su a makance, da wanda aka ba ma'auni, aka nuna masa 'yan tsirarun da suka kauce, ya riƙe su. Na farko in ya gamu da jimla ta ɗari da ɗaya ya tsaya cak. Na biyu zai yi hasashe, kuma sau da yawa zai dace. Hadda tana da wurinta, amma ko a makarantar allo almajirin da ya san ma'ana ya fi riƙe karatunsa.

Akwai wani "do" ɗin dabam da ya kamata a ware shi gefe, domin yana ƙara ruɗani. Shi ne na tambaya da korewa: "Do you sell onions?", "I do not sell onions." Wannan ba ya nufin aiki ko kaɗan, ƙashin bayan jimla ne kawai, shi ya sa ake iya samun biyu a jimla ɗaya, ko ma a haɗa shi da "make": "Did you make it?" Tsohon Turanci bai san shi ba. Har zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana iya juya jimla a yi tambaya ba tare da shi ba, kamar yadda Jamusanci yake yi har gobe. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya ƙirga dubban jimloli daga tsofaffin rubuce-rubuce, ya wallafa bincikensa a 1953, inda ya nuna yadda wannan "do" ya yi tashin gwauron zabi a ƙarni na 16, ya kuma kusan zama doka a tambaya da korewa wajen 1700. Dalilin zuwansa har yanzu ana gardama a kai. John McWhorter na Amurka, a wani littafinsa na 2008, yana cikin masu ganin cewa daga harsunan da Turanci ya tarar a tsibirin ya samo shi, irin su harshen mutanen Wales, wasu kuma suna ganin daga cikin gida ya tsiro. Ko wanne ne gaskiya, darasin ɗalibi ɗaya ne: "do" ya yi faɗi har ya iya zubar da ma'anarsa baki ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ga "make" a daidaitaccen Turanci ba.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne yadda wasu ke fita daga aji da tunanin cewa Hausa ce ta gaza, tunda kalma ɗaya take da ita inda Turanci yake da biyu. Faransanci ma ɗaya yake da ita, "faire", kuma ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya zo wa Turanci ta hanyar Faransanci yana cin karo da tuntuɓen nan sau biyu. Sifaniyanci yana da "hacer", Italiyanci yana da "fare", dukkansu daga "facere" na Latin, wanda kuma, abin mamaki, tushensa ɗaya da "do". Jamusanci da yake da biyun bai yanka su inda Turanci ya yanka ba: Bajamushe da "machen" yake yin aikin gida na makaranta, wato yaron nan da aka soke wa "I made my homework" da a Jamusanci ya rubuta da ya ci makinsa. Wanda ya yi karatun Larabci ya san fa'ala da amila da sana'a da ja'ala, kowane da muhallinsa, kuma daga dangin na uku ne Hausa ta aro kalmar sana'a. Sa'an nan in aka juyo da madubin, Hausa ce take rarrabe abin da Turanci ya cuɗe. Bature "make" zai ce ga fartanya da tabarma da turmi da tukunya da riga da tuwo da kunu da fura. Bahaushe kuwa ƙera fartanya yake yi, ya saƙa tabarma, ya sassaƙa turmi, ya gina tukunya, ya ɗinka riga, a tuƙa tuwo, a dama kunu, a kirɓa fura. Wannan ma wata dabara ce ga mai koyo. In ka iya cire "yi" ka sa ɗaya daga cikin waɗannan aikatau na sana'a, ko "haɗa", ko "samar da", ko "haddasa", jimlar ba ta lalace ba, to kusan kullum "make" kake nema. In kuwa "aikata" ko "gudanar da" ko "sauke" suka fi zama, "do" ne. Akwai kuma kaso na uku da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, inda ba a bukatar ko ɗaya: yi barci, yi dariya, yi kuka, yi tari, yi murmushi, duk aikatau guda-guda ne a Turanci, "sleep", "laugh", "cry", "cough", "smile".

Saura suka ta ƙarshe, wadda ke zuwa daga wata fuska. Wani zai ce me ya dame mu da yadda ake faɗa a Landan? Turanci ya zama ɗan gida a Najeriya, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu a farkon 2020, ciki har da "okada" da "Kannywood". Wannan magana tana da ƙafa. Mace a Legas ko Abuja ko Kaduna in za ta gidan kitso cewa take yi "I want to make my hair", alhali 'yar Ingila "do my hair" za ta ce. Ba na kiran wannan jahilci. Duk wanda ya ga makitsiya ta zaunar da yarinya tsakanin gwiwoyinta, ta tsaga kai da tsinke layi-layi, ta shafe sa'o'i har shuku ko zane-yawo ya fito, ya san an samar da abin da da safe babu shi. 'Yar Ingila tana kallon gyaran gashi a matsayin hidimar kowace safiya, 'yar Najeriya tana kallon kitso a matsayin ƙira, kuma kowacce ta zaɓi aikatau da ma'aunin nan ɗaya. Turancin buroka ya ma tafi gaba, ya mayar da "make" kalmar neman izini da zuga, "make I go", "make we go", daidai da "bari in tafi" da "mu tafi". Amma sanin haka bai ɗauke wa ɗalibi nauyi ba. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO da ta zo a 1999, daidaitaccen Turanci suke aunawa, kuma ba a shiga jami'a a Najeriya sai da kiredit a Turanci. Yarinyar da ke cewa "make my hair" a unguwa tana bukatar ta san cewa a ɗakin jarrabawa, da kuma a wasiƙar neman aiki, "do" ake nema, ta kuma san dalilin kowanne, domin ranar da ta zama malama ta ga "I did a mistake" a takardar wani yaro, ta iya kiransa gaban tebur ta tambaye shi ko kuskuren yana nan kafin ya ɗauki biro.